Karatun Aku: Sharhi A Kan Koyar Da Hausa A Firamare

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba yadda ake koya wa yaran firamare abubuwa uku a darasin Hausa, watau ƙa'idojin rubutu da kalmomi da auna fahimta. Zan riƙa kafa misali da yaron Kunduru, a ƙasar Kankiya ta Jihar Katsina, domin irinsa ne suka fi yawa a azuzuwanmu. Ya tashi da Hausa a bakinsa, noma ake yi a gidansu, kuma da wuya ya ga littafin boko in ba wanda aka ba shi a makaranta ba. Abin da nake so in nuna shi ne, raba waɗannan abubuwa uku da ake yi, kowanne da ranarsa da darasinsa, shi ke haifar mana da yara masu furta baƙaƙe ba tare da sanin abin da suka faɗa ba. Tsarin rubutun Hausa shi kansa bai yarda da wannan rabuwa ba.

Abin Da Rubutun Boko Ya Ɓoye

Bari mu fara da rubutun. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya fito da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. A shekarun 1930, zamanin Dakta R. M. East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka shigo da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Bayan nan an yi Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980, duk don daidaita rubutun. Abin da aka samu rubutu ne mai sauƙi, kusan kowane baƙi da sautinsa guda. Saboda haka yaro kan iya haɗa gaɓoɓin Hausa cikin ɗan lokaci, ba kamar Ingilishi ba inda harafi ɗaya kan yi sauti uku ko huɗu.

To, amma akwai abu biyu da aka bari ba a rubuta su, watau tsawon wasali da karin sauti. Mai karatu ya duba waɗannan jimloli: "Gari ya waye, Inna ta tankaɗe gari." "Baƙi sun zo da baƙin sa." "Yaro ya hau kuka yana kuka." A kowace jimla akwai kalma biyu masu kama ɗaya a takarda, amma a baki sun sha bamban, kuma babu abin da zai gaya wa mutum yadda zai furta su sai ma'ana. Har ila yau a duba wannan: "Malam ya ce Audu ya tafi." Shin labari Malam ya bayar cewa Audu ba ya nan, ko kuwa umurni ya yi masa ya kama hanya? Sai an san abin da ya gabata a zancen kafin a san yadda za a karanta "ya" ta biyun.

Ajami yana da hanyar nuna dogon wasali. Jamhuriyar Nijar ma ta taɓa riɓanya wasali don nuna tsawonsa bayan taron Bamako, daga baya ta bari. Ba ina cewa a koma can ba ne. Abin lura shi ne, a rubutun da muke da shi, ba a iya karanta Hausa daidai, ko da a fatar baki ne, sai an fahimci abin da ake karantawa. Ashe ke nan wanda ya ce yaro ya fara iya furuci tukuna, fahimta ta biyo baya a aji huɗu, ya ɗaura wa jaki kaya ta wutsiya.

Ba Be Bi Bo Bu

Hanyar gaɓa, wadda yawancinmu muka bi, ba abar yarwa ba ce. Ta dace da ginin kalmar Hausa, kuma ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo. Littattafan Ka Koyi Karatu na kamfanin NNPC na Zariya sun yaye dubban yara a Arewa, ba mai musun haka. Aibin yana ga yadda ake sarrafa hanyar a aji. Malami ya rubuta gaɓoɓi a allo, ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, yau haka gobe haka. A cikin wannan amshi, yaron da ke kallon taga da wanda ke kallon allo duk murya ɗaya suke fitarwa. In aka zo littafi, sai yaro ya haddace shafi sukutum, ya riƙa bin layi da yatsa yana rerawa. A rufe hoton, a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya, nan take ido zai raina fata.

Gwajin karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya nuna mafi yawan yaran aji uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa a cikin ɗan gajeren labari ba. Irin wannan sakamako ne ya jawo shirin Mu Karanta a waɗancan jihohi, da shirin RANA wanda UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara daga 2015. Sun kyauta da suka sa yaro ya san sautin kowane harafi, suka kuma ba malami labarin da zai karanta wa aji. Sai dai a yi hattara. Ma'aunin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan kalmomin da yaro ya furta a minti ɗaya, kuma abin da ake ƙirgawa shi malami kan fi mayar da hankali a kai. In ba a kula ba, sai a wayi gari an sami aku mai sauri a maimakon aku mai nawa.

Shifta

A darasin shifta, malami kan jero kalmomi goma marasa dangantaka da juna, ya faɗa, yara su rubuta, ya bi da jan biro. Ta yaya yaro zai san "ta ce" ake nufi ko "tace", in ba a sa masa a jimla ba? Haka "a kan" da "akan", haka "ma su" da "masu". Ƙa'idar raba kalmomi da haɗa su ba ta kunne ba ce, ta ma'ana ce. Lanƙwasa ma haka take. Yaron da aka ce wa "ka manta ƙugiya" gobe ma zai manta. Amma wanda aka rubuta wa "Ladi tana daka" da "Ladi tana ɗaka", aka tambaye shi a wacce ce ake jin ƙarar turmi, ya riƙe abin har abada.

Akwai kuma batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, alhali a ƙasar Katsina ana jin "zamna" da "amre" da "hwara" a inda littafi ya rubuta "zauna" da "aure" da "fara". Yankin Kankiya da Kusada yana dab da iyakar Kano, don haka yaro kan ji duka biyu. In ya rubuta abin da ya ji a bakin kakarsa, ya nuna ke nan ya gane aikin harafi sarai. Malamin da ya soke masa, ya ce ƙauyanci ne, ya koya masa cewa rubutu ba ruwansa da maganar da ya sani. Abin da ya kamata a ce masa shi ne, naka ma Hausa ne, amma ga yadda aka yarda a rubuta don na Daura da na Bauchi da na Maraɗi su karanta abu guda.

Kalmomi

A nan ma jeri ake yi: kalma da kishiyarta, tilo da jam'i, a haddace. Ana yi kamar yaro ya zo da kai fanko. Alhali yaron Kunduru ɗan shekara bakwai ya san bambancin gero da maiwa, ya san noman firi da maimai da huɗa, ya san zangarniya da dami da ƙaiƙayi da rumbu, ya san hauya da garma da magirbi. Wani ɗalibin jami'a da ya tashi a birni sai ya buɗe Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kafin ya bambance su. Wannan dukiya ita ce jarin malami. Da ita ya kamata a fara rubutu, sa'an nan a taka ta a hau zuwa kalmomin da yaro bai saba da su ba. Wanda ya san amfanin rumbu ba zai sha wuyar gane "tanadi" da "baitulmali" ba. Wanda ya ga ana yi wa shanu allura kafin cuta ta zo ya riga ya san "riga-kafi", sunan kawai ya rage.

Auna Fahimta

A nan ne aka fi yin sake. A ce an ba yara wannan: "Audu ya dawo daga kasuwar Kankiya da yamma. Buhun gyaɗarsa na nan a kan jaki yadda ya tafi da shi. Ya shiga gida bai ce wa kowa uffan ba." Tambayar da aka saba yi ita ce, daga ina Audu ya dawo? Me ke kan jaki? Yaro ya nemo kalmar da ta yi kama da ta tambaya, ya kwafe layin, ya ci maki. Wannan auna ido ne, ba auna fahimta ba. Tambayar gaskiya ita ce, me ya sa Audu ya yi shiru? Amsar ba ta cikin kowane layi, amma duk ɗan manomi ya san ta. In ya faɗe ta, a ce ya nuna kalmomin da suka sa ya ce haka. To, a nan ne karatu ya fara.

Abin mamaki, irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kacici-kacici da karin magana da tatsuniyar Gizo duk horon gano abin da ba a faɗa ba ne. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya san haka da ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937 don karatun 'yan makaranta. Daɗin labaransa yana ga mai karatu ya hango dabarar kafin wanda za a yi wa ya farga. Akun da ke cikin littafin ma ai da sanin abin da yake faɗa ya kai ga sarautar waziri.

Kammalawa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai har aji shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan a koma Ingilishi. Ko wace hanya aka bi, abu ɗaya ba ya sakewa: yaron da ya saba karanta harshensa ba ya neman ma'ana, haka zai yi wa Ingilishi, har ma ya fi, tun da can ba shi da kunnen da zai gaya masa ya kauce.

Saboda haka shawarata ita ce a mayar da darussan nan uku su zama ɗaya. A ɗauki ɗan labari mai jimla biyar daga rayuwar yaran, a karanta, a yi muhawara a kan ma'anarsa, a ciro sababbin kalmomi daga cikinsa, a yi shifta da jimlolinsa. Wannan ba ya bukatar komai sai alli da allo. 'Yan'uwana ɗalibai, mu da ke nazarin tsarin sauti da ginin jimla, rubuta irin waɗannan gajerun labarai bai fi ƙarfinmu ba. In kowannenmu ya rubuta goma ya kai wa malaman firamaren garinsu lokacin hutu, ya yi wa Hausa aikin da ya fi wata doguwar maƙala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.