Jinjina ga Ɗaliban Likita Masu Kishin Lafiyar Zuciya

Da yawansu ciwon gida ne ya kai su karatun likita. Wata hawan jini ne ya shanye wa mahaifinta ɓarin jiki; wani kuwa yayarsa ce zuciyarta ta gaza bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya suka daɗe suna nazarinsa. Shekara 6 suna fama da littafi da zagayen majinyata.

Abin da ya fi burge ni shi ne fitarsu kasuwa ranar 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, suna auna jini kyauta, suna lallashin dattijo: "Baba, a rage gishiri, kada a bar magani don an ji sauƙi." Hawan jini ba ya sallama, ba don ɗaliban nan ba, da wasu sai sun faɗi za su sani. Allah ya saka musu da alheri.