Kunne kafin manhaja: nazari kan koyon tsakuren sauti

Duk wanda ya buɗe FL Studio ko Ableton Live a karon farko da niyyar koyon tsakuren sauti, wato yanko ɗan guntu daga tsohon faifai don gina sabon kiɗa, yawan maɓallai ne ke fara tsorata shi. Sai ya ɗauka cewa ranar da ya haddace aikin kowane maɓalli, ranar ya zama gwani. Tarihin wannan sana'a bai goyi bayan wannan zato ba. Abin da ake koyo a tsakuren sauti shi ne saurare: gane inda bugu ya fara, inda ya mutu, da hannun da ya buga shi. Manhaja takan shiga hannu cikin 'yan makonni, amma kunne sai an yi masa horo mai tsawo, kuma sabon shiga da ya bar manhaja ta yi masa saurare ya tsallake darasin da ya zo nema.

Sana'ar ta girmi kwamfutar da ake yin ta a kai yau. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, DJ Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a gurbin da mawaƙi ya yi shiru ganguna suka rage su kaɗai. Sai ya riƙa sa kwafi biyu na faifai ɗaya, yana komawa daga wannan zuwa wancan don tsawaita gurbin. Na'urori daga baya suka biyo. Fairlight CMI ta fito daga Ostireliya a 1979 da tsadar da sai manyan mawaƙa ke iya saye, sannan E-mu SP-1200 a 1987 da Akai MPC60 a 1988 suka kawo aikin kusa da matasan hip-hop. SP-1200 daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, kuma tsakure ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 2.5. A kiɗa mai bugu 90 a minti, zagaye ɗaya mai bugu 4 yana cin kusan daƙiƙa 2.7, ke nan ko zagaye guda ba ya shiga. Dabarar da makaɗa suka ɓullo da ita ita ce su juya faifai mai gudun 33 a kan 45, su naɗa, sannan su sassauta shi a cikin na'urar. Ƙarancin wuri ya tilasta musu sauraren faifai sau da yawa kafin su yanke shawarar wace daƙiƙa ce ta cancanci ɗauka.

Aikin da kansa yana nuna haka in an dube shi kusa. Mai koyo ya jawo waƙa cikin manhaja, sautin ya bayyana a allo da siffar igiya mai hawa da sauka. Yana son zagaye ɗaya na ganga, don haka dole ya fara gano bugun farko, ya ƙirga huɗu da ƙafarsa, ya yanke daidai gab da bugun farko na zagaye na gaba. In ya makara ko da ƙiftawar ido, ya datse kan bugun, gangar ta rasa kaifinta. In ya yi gaggawa, duk lokacin da zagayen ya dawo sai a ji yana ɗingishi. In kuma ya yanke a inda igiyar take sama da layin tsakiya, za a ji wani "ƙas" a kowace mahaɗa, sai ya matsar da yankan zuwa inda igiyar ta ratsa layin ko ya ɗan dusashe bakin. Ido yana taimakawa, amma hukuncin ƙarshe na kunne ne, domin zagayen da ya yi kyau a allo yana iya ƙin rawa.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, tunda Slicex a FL Studio da Simpler a Ableton suna yayyanka sauti da kansu, kuma manhaja tana iya miƙa tsakure ya dace da kowane gudu ba tare da murya ta siranta ko ta yi kauri ba. Gaskiya ne, kuma ƙwararru ma suna amfani da su. Sai dai manhaja tana yanka ne a inda ƙara ta tashi, ba ta san inda ma'anar kiɗa ta cika ba, kuma tana son jera kowane bugu a kan layi daidai wa daida. J Dilla na birnin Detroit, wanda kundinsa Donuts ya fito a Fabrairun 2006 kwana 3 kafin rasuwarsa, ya yi suna ne saboda yadda yake barin wasu bugu su ɗan makara, wasu su ɗan riga, har makaɗan ganga suka koma kwaikwayon abin da ya yi da na'ura. Wanda bai taɓa yanka da hannu ba ba zai san lokacin da manhaja ta yi masa ɓarna ba, balle ya gyara.

Suka mafi nauyi ita ce cewa tsakure sata ce da aka yi wa ado, kuma bai kamata a yi gaggawar ture ta ba. A 1969 ƙungiyar The Winstons ta fitar da "Amen, Brother", wadda a cikinta Gregory Coleman ya yi kiɗan ganga na kusan daƙiƙa 7. An tsakuri wannan guntu a dubban waƙoƙi, har salon jungle na Birtaniya ya ginu a kansa, amma Coleman ya rasu a 2006 ba tare da an biya shi ladan wannan ba. A 1991 kotu a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda tsakurar waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, kuma tun daga nan neman izini ya zama dole a masana'antar. Tsofaffin kundayen De La Soul ba su hau dandalin saurare na intanet ba sai a Maris 2023, kuma rikicin izinin tsakure na cikin dalilan. Kayan aro ba ya rufe katara. Amsar wannan suka tana cikin horon kunne ɗin nan: wanda ya saurari faifai har ya san sunan makaɗin, shi ne ya fi kusa da neman izini da ambaton mai shi, kuma shi ne ke iya sarrafa guntun ya zama sabon abu maimakon ya maimaita shi kawai.

Matashin da ke haɗa kiɗa a Kano ko Damagaram yana fuskantar wannan gwaji kai tsaye ranar da ya kai hannu ga faifan Mamman Shata. Kalangu yana hawa yana sauka da murya gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, yana bin karin maganar Hausa. In aka yanke shi a tsakiyar hawa, an datse jimla ne, kuma babu manhajar da za ta faɗa wa mutum haka. Don haka hanyar koyo ita ce a fara da guntu ɗaya da bai wuce daƙiƙa 10 ba, a yanka shi da hannu, a sake jera shi ta hanyoyi daban-daban, a rubuta sunan waƙa da makaɗi da shekara tun kafin a fara, sannan a nemi izinin masu haƙƙi kafin a fitar da komai kasuwa.