Alƙalami da Kwalba: Nazari kan Rubutun Masu Ɗanɗana Tsohuwar Giyar Inabi

A shekarar 1971 aka fito da wasu manyan kwalabe sama da arba'in daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na fadar Glamis da ke Sikotland, aka kai su gidan gwanjo na Christie's a Landan. Jar giyar inabi ce ta gonar Lafite da ke yankin Bordeaux a Faransa, girbin 1870. Mai fadar ya saye su tun 1878, ya kurɓa ya ji bauri ya ɗaure masa baki, ya yi watsi da su. Haka suka kwashe kusan shekara ɗari cikin duhu da sanyi. Kafin ranar gwanjo, Michael Broadbent, shugaban sashen giya na Christie's, ya sa aka buɗe guda ɗaya a gaban masana. Aka tarar baurin nan ya kwanta, launi bai koɗe ba, ƙamshi kuwa ya cika. Broadbent ya zaro wani ɗan jan littafi ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, da kwanan wata a sama.

Giya haramun ce a Musulunci, kuma akasarin masu karatun Hausa ba su da wata hulɗa da ita. Amma a gefenta Turawa sun gina wani nau'in rubutu mai zaman kansa, wanda ya cancanci duk mai sha'awar harshe ya dube shi. Aikin marubucin shi ne ya kama ɗanɗano da ƙamshi, abubuwan da ke gushewa cikin daƙiƙa, ya ɗaure su da kalmomi, sannan ya dawo bayan shekara goma ko ashirin ya sake gwada giyar wannan gona ta wannan girbi, ya ga abin da zamani ya yi mata.

Daga cikin tsofaffin misalan da aka sani akwai na Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, wanda ya rubuta a kundin ajiyar ranakunsa, ranar 10 ga Afrilu 1663, cewa ya sha wata giyar Faransa a wata mashaya a Landan, ya ji ɗanɗanon da bai taɓa cin karo da irinsa ba. Giyar gonar Haut-Brion yake nufi. Layi ɗaya ne kacal, amma yana ɗauke da wuri, da rana, da sunan gona. A kan waɗannan ukun rubutun ya tsayu har yau.

Dalilin da ya sa ake bin kwalba ɗaya shekara da shekaru shi ne abin da ke cikinta ba ya zama wuri guda. A ɓawon inabi da ƙwallonsa akwai sinadarin tanin, mai sa bauri. Bahaushe ya san shi sarai: shi ne ke ɗaure harshe idan an tauna goro, kuma shi majema ke nema a cikin bagaruwa lokacin jimar fata. Sabuwar jar giya ta Bordeaux cike take da shi, launinta kuma ja ne mai duhu da ya karkata ga shunayya. Sannu a hankali tanin yana haɗuwa da sinadaran launi, wani ɓangare ya zama baƙin gari-gari ya kwanta a gindin kwalba, baurin ya sassauta, launin ya koma ruwan makuba. Ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itatuwa yana ja da baya, wani ya maye gurbinsa, wanda masu sana'ar ke kwatantawa da busasshen ganyen taba, jemammiyar fata, naman kaza, ko ƙasar daji bayan ruwa. Don kada wannan tafiya ta yi gaggawa ake kwantar da kwalabe a gicciye, cikin duhu, a sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 13 ba, yadda toshiyar bakin kwalbar za ta zauna a jiƙe, iska ta rasa hanyar kutsawa da yawa.

Mai ɗanɗanawa yana da tsarin da ba ya tsallakewa. Zai karkata kofin gilashi a kan farin ƙyalle, ya duba gefen ruwan, domin a nan tsufa ke fara bayyana. Zai jujjuya kofin, ya cusa hanci. Zai kurɓa, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya jujjuya ta a baki, sannan ya tofar a wani mazubi, tunda mai gwada kwalba hamsin a wuni ba zai haɗiye ba. Daga nan ya saurari tsawon lokacin da ɗanɗanon zai ɗauka kafin ya bar maƙogwaro. Sai alƙalami.

Broadbent ne ya mayar da wannan ɗabi'a aikin rayuwa. Ya shiga sana'ar a 1952 a Landan, maigidansa Tommy Layton ya shawarce shi da ya riƙa rubuta duk abin da ya ɗanɗana. Bai daina ba. Ya cika jajayen littattafai kimanin 150, da bayanai sama da 90,000. Salonsa gajere ne: launi, ƙamshi, ɗanɗano, wurin da aka buɗe kwalbar, ranar, sai taurari daga ɗaya zuwa biyar. Yana da wata dabara mai kyau, wato sa wasu taurarin cikin baka. Taurari uku a fili da biyu cikin baka na nufin yau giyar ta kai uku, amma yana kyautata zaton za ta kai biyar idan ta nuna. Da wannan alama marubuci ya raba abin da harshensa ya shaida da abin da yake hasashe. Da ya tattara bayanan a littafinsa na 1980, The Great Vintage Wine Book, mai karatu na iya bin girbi guda tun ƙuruciyarsa har tsufansa, ya ga inda Broadbent ya canza ra'ayi, da inda hasashensa ya kuskure.

Daga Amurka wani salo ya ɓullo. Robert Parker, lauya daga jihar Maryland, ya fara mujallarsa The Wine Advocate a 1978, yana ba da maki daga 50 zuwa 100, irin na jarrabawar makaranta. Sunansa ya fito da girbin Bordeaux na 1982, wanda ya yaba tun yana cikin ganguna, alhali wasu masu sharhi na shakkar zai daɗe. Lokaci ya ba shi gaskiya. A Bordeaux akwai al'adar gayyatar masu sharhi da 'yan kasuwa 'yan watanni bayan girbi su ɗanɗana giyar tun ba a ɗura ta a kwalba ba, kuma a kan hukuncinsu ake yanka farashi. Makin Parker ya zama abin da ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Amfanin lamba a bayyane yake, kowa na fahimtarta. Illarta kuma ita ce tana daskarar da abin da ke motsi. Makin da aka bai wa giya tana wata shida a ganga shi ke bin ta a kasuwa har ta shekara talatin, ko da ta sauya kama.

Sai batun kalmomi. A 1984 Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fitar da wani zane mai siffar faifai, ta jera ƙamshin giya daki-daki: na 'ya'yan itatuwa, na furanni, na kayan yaji, na itace, na ƙasa. Nufinta a daina siffanta giya da halayen mutane, a koma ga abin da hanci zai iya gwadawa. Tsarin ya taimaki masu koyo, amma ya buɗe ƙofar wuce gona da iri, har aka kai ga bayani ɗaya ya lissafa ƙamshi goma sha biyu a kofi guda. Kuma kalmomin an ɗauko su ne daga lambun Bature da kicin ɗinsa. Wanda bai taɓa ganin 'ya'yan itatuwan wannan lambu ba, bayanin bai gaya masa komai ba.

Bincike ya ƙara tona raunin. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa a Jami'ar Bordeaux suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka bai wa ɗalibai 54 masu nazarin giya. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci. A Kalifoniya kuma wani mai suna Robert Hodgson ya sa aka riƙa bai wa alƙalan wata gasa giya guda sau uku ba tare da saninsu ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne kawai suka riƙa ba ta maki mai kama da juna.

Duk da haka, akwai tambayar da babu mai amsa ta sai irin wannan rubutu. Ranar 24 ga Mayu 1976, a Paris, wani mai suna Steven Spurrier ya shirya gwaji inda alƙalai Faransawa, ba tare da ganin sunayen kwalabe ba, suka ɗora jar giyar Stag's Leap ta Kalifoniya, girbin 1973, a kan manyan Bordeaux. Waɗanda abin ya yi wa zafi suka ce giyar Amurka ba za ta jure tsufa ba. Bayan shekara talatin, a 2006, aka maimaita gwajin da giyar waɗannan girbi a Landan da Napa ta Kalifoniya. Wata giyar Kalifoniya, Ridge Monte Bello ta 1971, ce ta zo ta ɗaya, kuma Kalifoniya ta kwashe matsayi biyar na farko. Gardamar da aka fara a 1976 ba ta warwaru ba sai da aka ajiye bayanan rana biyu kusa da juna.

A nan darajar wannan nau'in rubutu take. Bayani guda shaida ce ta mutum ɗaya, a kan kwalba ɗaya, a sa'a ɗaya. Kwalba biyu daga akwati guda ma kan bambanta bayan shekara arba'in, saboda toshiyar ɗaya ta fi ta ɗayar riƙe iska. Idan aka ɗauke shi a matsayin hukunci na ƙarshe, binciken Brochet da Hodgson ya isa ya rushe shi. Idan kuwa aka jera shi da 'yan'uwansa, kowanne da ranarsa, sai ya zama tarihin yadda abu ya canza da yadda mai lura da shi ya canza. Ta wannan ma'auni, gajerun layukan Broadbent masu kwanan wata da taurari cikin baka sun fi maki ɗari da dogon jerin ƙamshi gaskiya da amfani. Broadbent ya rasu a watan Maris na 2020 yana da shekara 92, kuma har yau masu gwanjon tsofaffin kwalabe na komawa ga bayanansa kafin su sa farashi.