Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Me Ya Sa Har Yau Ake Kallon Ibro Ɗan Indiya?

Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta sani da Ibro, ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, Allah Ya jiƙansa. Amma ku leƙa rumfar masu tura fina-finai a waya, ko a Jekadafari, ko Bolari, ko Tudun Wada, za ku tarar har gobe ana neman Ibro Ɗan Indiya da Ibro Awilo. Yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi su, su ne ma suka fi nema. Fina-finan soyayya da yawa da aka kashe wa kuɗi a wancan zamani an manta da su, wannan shiririta kuwa ta ƙi mutuwa. Tunda abin ya shigo ɗakunanmu, ya kamata mu san me ke cikinsa, mai kyau da maras kyau.

Mu fara da asali. Tun kafin a san bidiyo, sinimomin Kano irin su Palace da Plaza da El Dorado suna haska fim ɗin Indiya, iyayenmu suna kallo ba tare da sun ji yaren ba. Har laƙabi aka sa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Hatta masu bege ba a bar su a baya ba, domin Ushaƙu Indiya a Kano da karin waƙoƙin Indiya suke yabon Manzon Allah (SAW). Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset da Turmin Danya a 1990, sannan Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwa, sai rawa da waƙa suka zama gishirin sana'ar. Masu shiryawa suka riƙa ɗauko labarin Indiya sukutum, a sauya sunaye, a sa wa jarumi shadda.

To a nan ne Ibro ya bambanta da sauran. Mai kwaikwayon Indiya da gaske so yake ka manta cewa aro ya yi. Zai tsaya a lambu, ya langaɓar da kai, ya rera wa budurwa waƙa, yana fatan ka yarda haka Bahaushe ke neman aure. Ibro kuwa sai ya ɗauko kayan aron nan ya saka a gabanka, ya juya ya nuna maka inda suka gaza. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wasu suna ɓoye katarar, shi kuwa ita yake sayarwa. Karin waƙar na Indiya ne, amma muryar ta Ibro ce, fuskar ta mutumin ƙauye ce, ga jar hular nan tasa da kowa ya sani. A Ibro Awilo ma haka ya yi da Awilo Longomba, mawaƙin Kwango da ya tashi kan matasa a farkon shekarun 2000: ya ari shigar, ya ari rawar, ya zuzuta su har suka koma abin dariya.

Wannan wuce gona da iri da gangan ake yin sa, kuma shi ne sirrin abin. A kasuwa idan mutum ya kawo maka jabu ya rantse na asali ne, ranka zai ɓaci ranar da ka gane. Amma wanda ya ce maka, "Alhaji, wannan ɗan kanti ne, ga kuɗinsa," ai babu rigima tsakaninku. Ibro bai taɓa ce mana shi Shah Rukh Khan ba ne. Shi ya sa fim ɗinsa bai tsufa ba. Wanda aka yi don burgewa, da yayi ya wuce sai ya zama abin dariya ba da son mai shi ba. Wanda tun farko don dariya aka yi shi, me tsufa zai rage masa?

Abu na biyu, kanmu muke yi wa dariya. Wa ya kwana a layin sinima? Wa ya haddace waƙar da bai san ma'anarta ba? Mu ne. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Zazzau suka zo Gombe fataucin auduga da gyaɗa da hatsi, mun san yadda baƙo ke aron harshe da shigar wani don ya shiga jama'a. Idan Ibro yana karya harshe shi ala dole Ba'indiye, akwai ɗan abin da ke taɓa kowannenmu.

Yanzu ga inda nake da magana. Addininmu bai hana raha ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana yin raha, sai dai ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba. Abin dubawa shi ne wa ake yi wa dariya, kuma da me. Rawar maza da mata a cakuɗe ba ta zama halal don an yi ta da wasa. Wannan ne ma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar a 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, aka yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan Ibro Aloko. Ni a ganina ɗauri ya yi tsauri, gyara ya fi. Amma iyaye su sani akwai wuraren da ya kamata a tura gaba.

Wanda ya fi damuna shi ne wani reshe na wannan barkwanci, inda ake kwaikwayon Bagwari ko Bafulatani ko Inyamuri a mayar da shi wawa. A Kano wataƙila a ga wasa ne kawai. Mu nan da Fulani da Tera da Bolewa da Tangale da Waja muke cin kasuwa ɗaya, 'ya'yanmu aji ɗaya suke. Yaron da ya koyi gwalantar maganar wani daga waya, gobe a makaranta zai gwada ta a kan maƙwabci. Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Kar a ce ai wasan taubasantaka ne, irin na Fulani da Barebari ko Katsinawa da Gobirawa. Wancan yana da ƙa'ida: kowa ya yarda, kowa yana ramawa. A fim kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara.

Saboda haka hukuncina a kan Ibro Ɗan Indiya da 'yan uwansa shi ne: hoto ba kyau, sauti sai a hankali, labari kuma sau da yawa igiya ce kawai da aka rataya waƙoƙi a kai. Amma gaskiyar da ke ciki ta fi ta fina-finai masu tsada da yawa, domin ya nuna mana kwaɗayinmu na abin waje ba tare da ya zage mu ba. Shawarata, kar a bar yaro shi kaɗai da waya. A kalla tare a tsakar gida, a yi dariya inda Bahaushe ke yi wa kansa dariya, a tsallake rawar da ba ta dace ba, in an zo wajen izgili ga wata ƙabila kuma uba ya tsayar ya yi bayani.

Allah Ya gafarta wa Rabilu Musa, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da unguwarmu da Gombe lafiya. Wassalamu alaikum.