Kunnen da Ke Rarrabe Yara Uku

A aji ɗaya na firamare za ka iya samun yara uku da malam ya zuba su a kwando guda, ya ce ba su ja. Mai gyaran magana, wato wadda ta karanci yadda furuci da harshe ke girma a bakin yaro, za ta zauna da su kan tabarma da 'yan hotuna da kayan wasa, ta tashi da sanin cewa damuwar kowanne daban ce. Wannan kunne nata ya daɗe yana burge ni.

Na farko yana cewa "tare" idan yana nufin "kare". Mu tsamin baki muke kiransa, mu yi dariya mu wuce. Ita kuwa ta san da bayan harshe ake furta k, da gabansa ake furta t, yaron ya jawo komai gaba ne kawai. Jimlarsa a miƙe take, tunaninsa lafiya lau. Ga ɗan shekara biyu wannan ba komai ba ne, ga ɗan shekara shida aiki ya samu: madubi, wasa, da maimaici har sautin ya zauna.

Na biyu mai in'ina ne. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 da 5, tana taɓa kusan yara biyar cikin ɗari, akasarinsu kuma takan sake su, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke girma da ita, maza sun fi yawa. Tana bin jini a gidaje da dama. Ba tsoro ke haifar da ita ba, yankan linzami a wurin wanzami kuma ba ya taɓa ta, don ba a ƙarƙashin harshe take ba. Abin da na fi so a ga mai gyaran magana a nan shi ne haƙurinta. Yaro ya maƙale a kan kalma, ba ta ƙarasa masa, ba ta kawar da ido, ba ta ce masa ya natsu. Sai ta rage saurin tata maganar, ta jira.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, domin bakinsa garau yake, babu mai zargin komai. Uwa ta ce, "Je ka ɗauko buta, ka kai wa Yaya, ka rufo ƙofa." Ya rufe ƙofa ya dawo hannu biyu. A gida a ce taurin kai, a makaranta a ce daƙiƙanci, bulala ta biyo baya. Alhali maganar ce ke zube masa kafin ya gama haɗa ta, kamar ruwa a kwando. Ka ce ya ba ka labarin abin da ya faru a kasuwa, sai ya fara daga tsakiya, yana ta "abin nan, abin nan". Wani bincike da aka buga a 2016 kan yaran da suka shiga makaranta a yankin Surrey na Ingila ya samu kusan yara biyu masu wannan matsala a kowane aji mai ɗalibai 30. Ka tuna yawan yaran da ke cikin ajin makarantar gwamnati a garuruwanmu.

Kafin mai gyaran magana ta yanke hukunci a kan kowa, sai ta sa an auna jinsa, domin ruwa ko mugunya a kunne na iya sa yaro ya yi watanni yana jin magana kamar daga bayan katanga. Sannan ta tambayi harshen gida. Ɗan Fulanin da ke jin Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwa, Turanci ko Faransanci a aji, ba shi da lalura don ya yi shiru gaban allo. Lalurar gaskiya tana bayyana a duk harsunan yaro, shi ya sa take gwada shi da harshen da ya sha a nono.

Daga nan ta koma kan uwar yaro na uku da malaminsa. Aike ɗaya a lokaci guda, a kira sunansa tukuna, a nuna da hannu, a ba shi lokaci. Uwar ta gwada a gabanta: "Ɗauko buta." Ya ɗauko. "Kai wa Yaya." Ya kai.