SHIN SHAILOK MATSOLO NE?

Gabatarwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sunan wani littafi da da yawa daga cikinmu suka karanta, watau Matsolon Attajiri, fassarar da Ɗahiru Idris ya yi wa wasan kwaikwayon Shakespeare na attajirin birnin Benis. Ba nufina in rage darajar mai fassara ba ne. Shi da Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya ba mu Daren Sha Biyu, sun nuna wa duniya cewa Hausa na iya ɗaukar kowane irin kaya. Maganata ɗaya ce: sunan nan ya yanke wa Bayahuden cikin wasan hukunci tun ba a buɗe shafin farko ba, mu kuma muka karɓa hannu biyu, don ya dace da abin da ke bakinmu tuntuni.

Ni mutumin Wudil ne. A kasuwarmu ta ran Juma'a, idan mai hatsi ya ƙi cika mudu, ko ya ɓoye dawa sai bazara ta yi tsanani, sai ka ji an ce, "Ai wane Bayahude ne." Alhali mutumin nan Bahaushe ne, Musulmi, an jima kaɗan sahu ɗaya za a yi da shi. Mai faɗin kuwa bai taɓa ganin Bayahude da idonsa ba. Da muka kwaikwayi wasan nan a makarantar sakandare, ni aka ba Shailok. Na ƙudundune, na maƙale murya, ina murza tafin hannu, ɗalibai suna ta shewa. Sai da na zo jami'a na sake karanta wasan a tsanake, sannan kunya ta kama ni.

Labarin a taƙaice

Basaniyo yana neman auren Foshiya, ba shi da kuɗi. Abokinsa Antoniyo, wanda dukiyarsa duk tana kan teku, ya tsaya masa wajen Shailok, aka ranto dukat 3,000 na wata 3. Sharaɗin shi ne, in wa'adi ya cika ba a biya ba, Shailok zai yanki tsoka laba guda daga jikin Antoniyo. Jirage suka ƙi dawowa, aka je gaban shari'a. Foshiya ta yi shigar lauya, ta ce a yanki tsoka amma kada jini ya ɗiga. Reshe ya juye da mujiya: aka raba Shailok da ikon dukiyarsa, aka kuma tilasta masa ya zama Kirista.

Abin lura na farko: attajirin da Shakespeare ya sa wa wasan sunansa Antoniyo ne. Shi kuwa ba matsolo ba ne, don rance yake bayarwa ba ruwa. Ashe ke nan sunan Hausa ya ɗauke fitila daga kan Antoniyo ya haska Shailok, ya kuma ce mana ga ciwonsa, rowa.

Rowa ko ramuwa?

Mahaifina dillalin shanu ne a karar Wudil, na kuwa tashi ina ganin yadda bashi da lamuni ke gudana. Na taɓa ba shi labarin nan, na ce a kotu an yi wa Shailok tayin ninkin kuɗinsa, har aka kai ninki 3, ya ƙi. Baba ya yi dariya ya ce, "Wannan ba marowaci ba ne. Marowaci ko sisi ka ɗora masa, ya karɓe ya yi gida. Je ka bincika, akwai abin da aka yi masa."

Akwai kuwa. Tun a kashin farko Shailok ya tuna wa Antoniyo yadda yake tofa masa yawu a riga, yana kiransa kare a tsakiyar kasuwa, Antoniyo kuma ya ce gobe ma zai sake. Daga baya abokan Basaniyo suka taimaka wa Lorenzo ya gudu da 'yar Shailok, Jesika, tare da akwatin dukiyarsa. Sannan ga wata 'yar fitowa wadda ni a ganina ita ce zuciyar wasan. Tubal, ɗan'uwansa Bayahude, ya kawo masa labari cewa Jesika ta ba da wani zobe an ba ta biri. Zoben nan, matarsa Liya ce ta ba shi tun yana saurayi. Baƙin cikin da ya nuna a nan ba na kuɗi ba ne, na tsohon da aka wulaƙanta abin tunawa da matarsa ne. Wannan wuri mu a makaranta tsallake shi muka yi, don ba ya ba da dariya.

Kada a ce ina wanke shi. Yana da maƙo, har yaronsa Lansilot yana kukan yunwa a gidansa. Ya wasa wuƙa don ya kashe mutum, wannan kuwa ba shi da hanzari. Amma jigon halinsa ramuwar gayya ce, wadda wulaƙanci ya haifa. Wanda ya kira shi matsolo kawai ya wanke waɗanda suka tofa masa yawu.

Unguwar da ba a nuna mana ba

Shakespeare ya rubuta wasan wajen 1596, alhali tun 1290 aka kori Yahudawa daga Ingila, ba a kuma bar su sun dawo a sarari ba sai wajen 1656. Watau shi ma, kamar mutumin kasuwar Wudil, ji ya fi yi masa yawa a kan gani. Shi ya sa Shailok ya fito kusan shi kaɗai, ba unguwa, ba makaranta, ba biki.

To, ga yadda abin yake a Benis ta gaske. A 1516 hukuma ta killace Yahudawa a wani ɗan tsibiri da ake kira Geto. Da dare a kulle ƙofofi, su ne kuma ke biyan masu gadin. In za su fita sai da alama a hula. Sana'o'in da aka bar musu kaɗan ne: ba da rance bisa jingina, sayar da gwanjo, da aikin likita. An tura mutum cikin sana'a, sannan ana zaginsa da ita. Duk da haka, a cikin wannan ƙunci suka gina wuraren ibada 5. Birnin kuma ya zama cibiyar buga littattafan Ibrananci: tsakanin 1520 da 1523, wani Kirista mai suna Daniel Bomberg, da taimakon malaman Yahudawa, ya buga cikakken Talmud, babban kundin fiƙihunsu, aka kuma ƙona littafin a bainar jama'a a 1553. Ba a ɓalle ƙofofin Geto ba sai 1797. Mutane ne masu allo da tawada kamar mu, amma ko shafi ɗaya na wannan bai shiga wasan ba.

Mu fa?

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da Benis. To, tarihinmu bai yi nisa da mutanen nan ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, daga Tuwat ya fito, inda ya sa aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit wajen 1492. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, har aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis neman fatawa, su ma suka rabu biyu. A Tumbutu, wani malamin Yahudawa daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna da danginsa a shekarun 1860. A nan Kano kuma, zamanin dalar gyaɗa, an yi Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, wanda ya yi gogayya da manyan kamfanonin Turawa wajen sayen gyaɗa. A hadisi ingantacce ma, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wafati sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude, saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Sannan Alƙur'ani ya hana tilas cikin addini. Ta yaya ɗalibi Musulmi zai yi tafi lokacin da aka tilasta wa Shailok barin nasa?

Kammalawa

Shawarata ga Ƙungiyar Hausa ita ce mu sake kwaikwayon wasan nan, amma kada a tsallake fitowar zobe, kada kuma mai yin Shailok ya maƙale murya. Malamanmu, in an zo nazarin fassara, a sa mu auna sunan littafi kamar yadda muke auna jigo da salo. Mu ma an sha ba da labarinmu a littattafan waɗanda ba su san mu ba, mun kuwa san zafinsa. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Mai ɓoye dawa a kasuwar Wudil kuma, a kira shi da sunansa na Hausa, marowaci. Allah ya sa mu dace. Wassalam.