Shaihu Umar: fim ɗinmu da aka tsinto a ma'ajiya

Duk wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya san inda muka koyi kallo: Plaza, Wapa, El Dorado, da Rex wadda aka buɗe tun 1937. Finafinan Indiya da na Cainis muka sha, har muka haddace sunayen jarumansu. Amma tambayi 'yan kallon wancan zamani labarin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Yawancinsu littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa za su tuna, na makaranta.

An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin da ya yi wuyar samu kuwa, shi masu tara tsoffin finafinai ke so.

A ganinmu ba wuyar samunsa ce darajarsa ba. Akwai hari, akwai satar yaro, akwai ayari a Sahara, amma wanda ya zo neman dambe irin na Bruce Lee zai ƙosa, don fim ɗin ya haura sa'o'i biyu kuma ba ya gaggawa. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne masu kama bayin ba baƙi ba ne. Makau, mijin uwar Umar, mutumin kirki ne a labarin, kuma da shi ake fita harin. Finafinan tarihi na Kannywood sun fi son rawani da algaita. Ba kasafai suke taɓa wannan gyambon ba.

Labarin yana da nasa rauni. Ya cika jingina komai ga ƙaddara: Umar ya fito da ilimi da daraja, uwarsa da ta bi sawunsa har aka bautar da ita ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu, sai a wuce kamar lissafi ya daidaita. Wannan muhawara ce da ta kamata a yi a Kano, bayan an tashi daga kallo. Sai dai yau in ka ce Wapa, 'yan canji za a nuna maka.